Sharhin Ahrefs: Inda Take Biyan Kuɗinta Wajen Neman Mahaɗai, da Inda Take Sauke Ka a Hanya

Ahrefs manhaja ce ta intanet da masu shafuka ke biya don bin diddigin mahaɗai (links), wato adireshin da ake dannawa a wani shafi ya kai mutum wani shafin. Hajar da take sayarwa guda ɗaya ce, sauran duk gyara ne. Ka rubuta adireshin shafin wani a akwatin Site Explorer, ta zubo maka jerin shafukan da suka saka mahaɗi zuwa gare shi, da fejin da mahaɗin yake, da kalmomin da aka rataya shi a kansu, da ranar da ta fara ganin sa. Kamfanin yana Singafo, Dmytro Gerasymenko ne ya kafa shi a 2010, kuma yana da gizo-gizon kansa, wato manhaja mai bin shafuka da kanta, mai suna AhrefsBot da ke yawo a intanet dare da rana yana kwaso mahaɗai. Ba daga Google yake karɓo bayanan ba. Mai saye ya riƙe wannan tun farko, don yawancin tuntuɓen da ake yi da manhajar daga nan yake farawa.

Tun 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kan lissafin PageRank, mai auna darajar feji da mahaɗan da ke nuna shi, mahaɗi daga wani shafi zuwa naka tamkar shaida ce: wani ya tsaya maka ya ce wannan na san shi. A 2016 wani jami'in Google, Andrey Lipattsev, ya lissafa mahaɗai cikin manyan abubuwa uku da ke ɗaga shafi a sakamakon bincike. A 2023 kuma Gary Illyes, shi ma na Google, ya ce sun fita daga cikin ukun. Nauyinsu ya ragu ke nan, amma idan shafuka biyu suka yi kunnen doki a ingancin rubutu, wanda mutanen kirki suka fi ambata shi ke hawa sama. To mutanen kirkin nan a ina ake samun su? Nan ne Ahrefs ke da amfani na gaske.

Mu ɗauki misali. Kana da shafi mai kawo farashin hatsi na mako-mako daga kasuwar Dawanau, da bayanan ajiya da noma. Ka fara da neman shafuka 3 zuwa 5 da ke fitowa samanka idan aka nemi farashin masara ko na wake. Kada ka saka manyan gidajen jarida a cikinsu, don mahaɗansu dubbai ne a kan siyasa da ƙwallo da komai, za su cika maka jerin da shara. Nemi sa'o'inka, ko waɗanda suka ɗan fi ka. Ka zuba su a sashen Ahrefs mai suna Link Intersect, ka saka naka adireshin a layin da ake nufin "amma ba su haɗa da wannan ba". Abin da zai fito shi ne shafukan da suka ambaci abokan gasarka suka tsallake ka. Fara da waɗanda suka haɗa da biyu ko fiye. Wanda ya ambaci shafi ɗaya mai yiwuwa ɗan'uwan mai shafin ne ko abokinsa. Wanda ya ambaci uku kuwa ɗabi'arsa ce ambaton majiya a wannan fanni, kuma irin sa kake nema.

Kafin ka sauke jerin, matata uku ce ke rage maka wahala. Ka zaɓi mahaɗi ɗaya daga kowane shafi, in ba haka ba shafin da ya saka mahaɗi a ƙasan kowane fejinsa zai fito maka sau ɗaruruwa. Ka zaɓi mahaɗan da ba su da alamar nofollow, alamar da Google da Yahoo da MSN suka fito da ita a 2005 don mai shafi ya ce na saka mahaɗin amma ban tsaya masa ba. Sannan ka sa iyakar baƙi, ko da 100 ne a wata daga bincike, don ka zubar da shafukan da ba kowa ke shiga ba. Daga nan sai aikin hannu, wanda manhajar ba za ta yi maka ba: ka buɗe kowane shafi da idonka. Yaushe aka yi rubutu na ƙarshe? Akwai sunan mutum a kan rubutun? Idan shafin noma ne amma ka ga maƙala kan caca da maganin ƙarfin maza da rancen gaggawa a jere, mai shi sayar da mahaɗai yake yi, wuce shi. Kada ka yi mamaki idan jerin 300 ya koma 30. Talatin ɗin nan su ne aikinka na wata biyu.

Yanzu maganar DR (Domain Rating), lambar nan daga 0 zuwa 100 da Ahrefs ke maƙala wa kowane shafi, wadda ta zama kamar kuɗin kasuwa a bakin masu wannan sana'a. Ana lissafa ta ne daga yawan shafukan da suka haɗa da kai, da DR ɗin su kansu, da yawan wuraren da kowannensu ya raba wa mahaɗansa. Iyakarta ke nan. Ba ta duba ingancin rubutu, ba ta duba ko mutane na shiga shafin, kuma Google ba ya amfani da ita, kamar yadda ba ya amfani da DA, irin wannan lamba ta kamfanin Moz. Tun da Google ya daina nuna lambar PageRank ga jama'a a 2016, waɗannan lambobi suka cike gurbin, mutane suka manta cewa kintace ne. Matakalar ma ba daidai take ba: hawa daga 10 zuwa 20 abu ne mai sauƙi, daga 70 zuwa 80 kuwa aikin shekaru ne. Abin da ya fi muni, ana iya kumbura ta. Akwai masu karɓar 'yan daloli su kai maka DR 50 cikin makonni ta hanyar tara mahaɗan juyi (adireshin da ke tura mai shiga zuwa wani adireshi) daga adiresoshin manyan shafuka, lambar ta haura, baƙo ko ɗaya bai ƙaru ba. Don haka idan wani ya zo yana tallata maka shafinsa da DR 60, ka duba layin baƙi na kusa da ita. DR 60 da baƙi 12 a wata ganga ce babu komai a ciki. A ganinmu Ahrefs na da laifi a nan, domin ta sa lambar a gaba-gaba da manyan haruffa, sabon shiga kuma abin da ya fara gani shi yake bi. Shafin ƙungiyar manoma mai DR 15 da dillalai ke karantawa ya fi maka amfani a kan wancan.

Aiki na biyu da manhajar ta iya sosai shi ne tono matattun mahaɗai. A Site Explorer ka saka shafin abokin gasa, ka buɗe rahoton Best by links, ka tace da lambar 404, wato fejin da aka goge ko aka sauya masa adireshi. Za ka ga fejuka matattu da har yanzu wasu ke nuna wa masu karatunsu. Ka ɗauki adireshin ka kai Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin kwafin fejuka, ka ga abin da ke fejin a da. Idan kana da rubutu irin sa, ko za ka iya yin wanda ya fi shi, ka samu dalilin ƙwanƙwasa ƙofar duk wanda ya haɗa da shi, kuma dalili mai kyau, don gyara ka kawo masa. Amma fara da gidanka. Ka yi wa naka shafin wannan binciken. Masu WordPress da suka taɓa sauya tsarin adireshin maƙaloli, misali suka cire kwanan wata daga ciki, sukan tarar da mahaɗai masu daraja suna faɗawa rami. Juyi na 301, wato umarnin da ke tura mai shiga daga tsohon adireshi zuwa sabo har abada, yana dawo da su ba tare da ka roƙi kowa ba. Kuskuren da ake yi shi ne juya duk matattun fejuka zuwa fejin farko na shafi. Google na ɗaukar wannan kamar fejin bai nan, ƙarfin mahaɗin ya tafi a banza. Kowane feji a juya shi zuwa wanda ya yi kama da shi.

Na uku shi ne Content Explorer, inda za ka nemi fejukan da suka ambaci sunan shafinka ba su saka mahaɗi ba. Ka rubuta sunan cikin alamar zance, ka cire naka shafin daga sakamako, ka yi amfani da Highlight unlinked, mai yi wa waɗanda ba su haɗa da kai ba alama. Ga mai rubutu da Hausa akwai tarko ƙarami a nan. Haruffa masu ƙugiya daban suke a idon kwamfuta: ƙ ba k ba ce, ɗ ba d ba ce. Idan sunan shafinka na da kalma irin "ƙasa" ko "ɗalibi", ka nema sau biyu, da ƙugiya da babu, har ma da yadda wasu ke rubutawa da waƙafi a sama, k'asa. Mai rubutu da waya sau da yawa ba ya saka ƙugiyar.

Daga nan motar ta tsaya. Ahrefs ba ta nemo maka imel ɗin mai shafi, ba ta aika saƙo, ba ta tuna maka wanda ka yi wa magana ranar Talata. Semrush, kishiyar Ahrefs, na da sashen da ake haɗawa da Gmail a aika saƙo daga ciki. BuzzStream da Pitchbox kuwa don wannan aikin kaɗai aka gina su, Hunter kuma aikinta nemo adiresoshin imel. Mai biyan kuɗin Ahrefs da tunanin ya sayi komai zai sha mamaki. Sai dai ga mutum ɗaya mai mutum 30 a jerinsa, jadawali a Google Sheets ya wadatar. Layuka bakwai: adireshin shafi, sunan marubucin, inda aka fi samun sa, maƙalarsa da ka karanta, abin da za ka iya ba shi, ranar da ka yi magana, da abin da ya ce. Layi na biyar shi ne mai wuyar cikewa, kuma idan ya zauna fanko kada ka aika komai tukuna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saƙon farko da ke ɗauke da roƙon mahaɗi daga baƙon da ba a taɓa jin sunansa ba, akwatin shara yake zuwa. Ka ba kanka mako biyu zuwa uku da kowane mutum kafin ka nemi wani abu. Ka ambaci aikinsa a naka rubutun da mahaɗi, ka sanar da shi ka yi. Idan ya yi tambaya a Facebook ko X kan abin da ka sani, ka amsa da gaske, ban da "Masha Allah, rubutu mai kyau" da kowa ke jefawa. Idan ka ga kuskure a alƙalumansa, ka gaya masa a keɓe. Ga irin saƙon da ke samun amsa:

"Assalamu alaikum Malam. Na karanta bayaninka kan ajiye wake a buhun PICS mai ruɓi uku, musamman inda ka ja kunne a kan matse iska kafin ɗaure kowace leda. Mahaɗin da ka saka a sakin layi na huɗu, na farashin wake, ya daina buɗewa. Muna fitar da farashin Dawanau duk mako, ga adireshin idan zai yi maka amfani. Ko ba ka saka namu ba, gara a cire wancan. Allah ya ƙara basira."

Layi biyar, ya nuna an karanta, ya faɗi wurin matsalar daidai, ya bar wa mutum zaɓi. Kwatanta da wanda ake kwafowa daga samfuri, mai farawa da yabon "shafinku mai albarka" ba tare da ambaton maƙala ko ɗaya ba. Editoci na gane shi tun daga kan saƙon. A kula da kira ma: idan Hajiya ce ko Malama ke da shafin, aka ce mata Malam, an gama. Yin tuni sau ɗaya bayan kwana 5 zuwa 7 ya isa. Na biyu naci ne, na uku kuma zai sa a danna maka alamar saƙon banza.

Wannan alamar ba abin wasa ba ce. Gmail na kyauta na tsayar da mutum a saƙo 500 a rana, amma tun kafin nan za ka shiga matsala idan sabon adireshi ya tashi rana ɗaya ya watsa ɗari. Goma zuwa 20 a rana, kowane da hannu, ya fi. Idan da adireshin shafinka kake aikawa, ka tabbata an saita SPF da DKIM da DMARC, shaidun da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito, a wurin da ka yi rajistar sunan shafin. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wannan, suka kuma sa wa masu aika saƙo da yawa iyakar ƙorafi ta kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Ko kai ba ka kai yawansu ba, saƙon da ba shi da waɗannan shaidu yana iya zarcewa akwatin tarkace, ka zauna kana cewa mutane ba su da kirki alhali ba su ma gani ba.

Wasu za su amsa da farashi. Wasu su ce saka nawa in saka naka. A dokokin Google, sayen mahaɗi don ɗaga matsayi laifi ne, haka ma musayar da ta wuce kima. Talla halal ce, amma sai an sa wa mahaɗin alamar sponsored, wadda aka fito da ita a Satumbar 2019 tare da ugc (ta mahaɗan da masu karatu ke sakawa), ko kuma nofollow. Manya ma sun ɗanɗana: kantin J.C. Penney na Amurka ya faɗo daga saman sakamako a 2011 bayan jaridar New York Times ta bankaɗo mahaɗan da aka saya masa, kamfanin furanni na Interflora a Birtaniya ya ɓace daga bincike na ɗan lokaci a 2013 saboda tallace-tallacen da aka shigar a jaridu kamar labari. Sabuntawar Penguin ta Afrilun 2012, wadda Google ya yi don kama mahaɗan bogi, ta kwantar da shafuka da dama. Tun 2016, sai kuma Disambar 2022 da aka sa SpamBrain, tsarin Google na gano shara, a aikin, abin da Google ya fi yi shi ne ya share darajar mahaɗin shiru. Ga inda Ahrefs ke iya yaudarar ka ba da niyya ba: za ta ci gaba da nuna mahaɗin da ka saya, DR ɗinka ma ya ɗan motsa, kana murna, alhali a wurin Google sifili ne. Ba ta da hanyar sanin wanda aka ƙirga da wanda aka watsar. Rahoton Anchors ne kaɗai zai ɗan haska maka. Idan ka ga shafuka 40 duk sun rataya mahaɗinka a kan kalmomi iri ɗaya sak, kamar "farashin masara yau", alhali mutane a ɗabi'a sunan shafi suke rubutawa ko su manna adireshin, to akwai hannun wani a ciki, kuma yadda ka gani haka Google ya gani.

Kada kuma ka firgita da tarkacen mahaɗan da za ka gani daga shafukan da ba ka sani ba, masu kwafe-kwafe da jerin sunayen shafuka. Kowane shafi na da su. Kayan aikin disavow da Google ya fitar a 2012, wanda ake gaya wa Google da shi ya yi watsi da wasu mahaɗai, na wanda ya sayi mahaɗai ne ko aka aiko masa hukunci a Search Console, dandalin Google na masu shafuka. Mai zuba duk abin da bai gane ba a ciki yana iya yanke reshen da yake zaune a kai.

Ga mai shafin Hausa zalla, gaskiyar ita ce jerin zai fito siriri. Hirarmu ta fi yawa a Facebook da WhatsApp da TikTok da rediyo. Mahaɗin da ya zaga rukunin WhatsApp 200 gizo-gizon Ahrefs ba zai taɓa ganin sa ba, na Facebook da na Wikipedia kuma nofollow ne. Suna kawo masu karatu, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba su ne za su motsa lambobin da ka biya kuɗi kana kallo ba. Sashen Keywords Explorer ma kalmomin Hausa da yawa zai nuna su babu adadi, ko da ana neman su. Shafukan Hausa masu nauyi sanannu ne, irin su BBC Hausa, DW Hausa, RFI Hausa, Aminiya, Premium Times Hausa da Legit Hausa, ba ka buƙatar manhaja ta gaya maka sunayensu. Hanyar shiga wurinsu ita ce ka zama majiyar da wakili ke kira idan farashin shinkafa ya tashi, kuma wannan da lambar waya da cika alƙawari ake samun sa. Inda Ahrefs ke ƙara wa irin wannan shafi wani abu shi ne ɓangaren Turanci: jami'o'i, ƙungiyoyin agaji, masu bincike da ke neman alƙaluman kasuwa daga arewa. Idan kana da jadawalin farashi da za su iya ambata, Link Intersect zai nuna maka su.

Sai kuɗi. A farashin 2024, tsarin Lite dala 129 ne a wata, Standard 249, Advanced 449, akwai kuma ƙaramin Starter na dala 29. Da dala ake biya, mai samun kuɗinsa a naira ko sefa ya yi lissafin da kansa. Abu biyu za ka duba kafin ka saka katinka. A 2024 Content Explorer ba ya cikin Lite, sai daga Standard, kuma kamfanin ya sha matsar da rahotanni daga wannan tsari zuwa wancan, don haka ka karanta jerin abin da ke cikin tsarin a ranar da za ka biya. Sannan ƙananan tsare-tsaren da kiredit suke aiki, kamar katin waya: buɗe rahoto na ci, sauya matata na ci. Sabon shiga mai danne-danne don ganin ƙwaƙwaf yana iya ƙarar da rabonsa tun wata bai raba ba. Ka rubuta tambayoyinka a takarda kafin ka shiga, ka saita matatan duka sannan ka danna sau ɗaya.

Mai shafi ɗaya da bai fara kawo kuɗi ba, kada ya biya tukuna. Ahrefs Webmaster Tools kyauta ne, kana tabbatar da mallakar shafin ta Search Console ko ta DNS (saitin sunan shafinka), ya nuna maka mahaɗanka da matattun fejukanka, sai dai ba ya leƙa maka gidan wani. Don leƙen, Bing Webmaster Tools na da sashen mahaɗai da ke kwatanta shafinka da na wasu, shi ma kyauta, ko da bai kai zurfin Ahrefs ba. Mai kula da shafukan mutane da yawa, ko kanti mai gasa da masu rubutu da Turanci, shi kuɗin zai fita masa, kuma a fannin mahaɗai mun fi ba ta maki a kan sauran. Na tsakiya kuwa, wata ɗaya ya ishe shi: ya biya Standard, ya yi Link Intersect da binciken 404 da na ambato a makon farko, ya sauke komai a fayil ɗin jadawali na CSV, ya saita jadawalinsa. Jerin da ya tara zai ɗauke shi wata uku zuwa shida yana bi mutum-mutum. Ya tuna ya shiga sashen biyan kuɗi ya soke sabuntawa kafin ranar ta zagayo, don da kanta take cira.